Yadda Ake Shirya Doguwar Tafiyar Hutu a Kan Keke Daga Kano

Tun da na dawo daga tafiyar da na yi a kan keke daga Kano zuwa Daura, tambayoyi ba su yanke mini ba, kuma kusan duk iri ɗaya ne: wane keke ya dace, me ake kashewa, ina ake kwana, kuma yaya mutum yake yi idan taya ta yi faci a inda babu gari. Dattawan unguwarmu kuwa tambayarsu guda ce, wai ko kuɗin mota ne ya gagare ni. Saboda haka na ga ya fi sauƙi in tattara amsar wuri ɗaya, bisa jerin da ya kamata a bi, domin yawancin wahalar da na ga mutane sun sha ta samo asali ne daga yin abu na biyar kafin na farko. Tafiyar da nake nufi ita ce ta hutu, wadda mutum zai ɗauki kwana biyar ko mako guda yana bin garuruwa a natse, yana tsayawa inda ransa ya so, ba irin tattakin da matasa kan yi zuwa Abuja don taya ɗan siyasa murna ba.

Mataki na 1: Ƙirga kwanakinka kafin ka zaɓi gari

Kusan kowa yana farawa ne da ɗora ransa a kan wani gari mai nisa, ya ce sai Sakkwato ko sai Maiduguri, sannan ya dawo yana neman yadda zai cusa tafiyar cikin hutun mako guda. Daga ƙasa ake fara lissafin. Ka fara sanin kwana nawa za ka iya barin aiki ko shago da iyali, ka ware kwana ɗaya na hutawa a gida bayan dawowa, ka kuma ware kwana ɗaya na hutu a hanya bayan kowane kwana uku na tuƙi. Abin da ya rage shi ne kwanakin tafiya. Mutum mai lafiya wanda ya yi atisaye, a kan keke mai ɗauke da kaya, yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya, don haka awa huɗu ko biyar a kan sirdi za su ba shi kilomita 50 zuwa 70 a yini. Ka ninka wannan da kwanakin tafiyarka, ka raba biyu idan a kan keken za ka dawo, sai ka ga iyakar nisan da za ka iya zaɓar gari a cikinsa.

Gargaɗi: kada ka auna kanka da abin da ka taɓa yi a rana ɗaya. Yin kilomita 100 ranar Asabar ka wuni kwance ranar Lahadi daban yake da tashi da asuba kwana uku a jere ka hau keke da cinyoyi masu tsami.

Mataki na 2: Zaɓi lokacin shekara

A ƙasar Kano da kewayenta, lokacin wannan tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da damina ta ɗauke, hanyoyi suka bushe, rana kuma ta yi sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara yakan haura digiri 40 da tsakar rana, kuma ban ga hutun da ke cikin tuƙa keke a kan kwalta a irin wannan yanayi ba. Damina tana da kyawun gani, amma hadari ba ya sallama, ramukan hanya kan cika da ruwa har mutum ya kasa sanin zurfinsu, ga sauro.

Hunturun ma yana da nasa sharaɗin, wanda da yawa ba sa lissafawa. Iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa. Wanda ya nufi Daura, Gumel ko Haɗeja zai yi ta fama da ita a gabansa ko a gefen damansa lokacin tafiya, amma za ta riƙa tura shi lokacin dawowa. Ni na fi son haka, domin a kwanakin farko ne mutum yake da ƙarfin yin kokawa da ita, sai dai dole ne a gajarta zangon tafiya a tsawaita na dawowa. Haka kuma ka duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, kuma kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11.

Gargaɗi: ranar da hazo ya sauko har ba ka iya ganin mota daga nesa, direba ma ba ya ganinka. Ka jinkirta fita har gari ya washe, ko ka mayar da ranar ta zama ranar hutunka.

Mataki na 3: Tsara hanya zango-zango, ka bincika tsaronta

Ga mai farawa, hanyar da nake ba da shawara ita ce ta Kano zuwa Daura, saboda garuruwanta ba su da nisa da juna, kuma motocin haya ba sa yankewa a kanta. Daga cikin birni za ka bi Titin Katsina ta Kurna har Dawanau, inda hanyar Daura ta rabu. Dambatta tana da nisan kimanin kilomita 55 daga Kano, Kazaure kimanin 80, Daura kuma tsakanin 130 da 140. Yadda na raba tawa shi ne: rana ta farko Kano zuwa Dambatta, ta biyu gajeren zango zuwa Kazaure, don jiki ya saba, a kuma sami lokacin ganin duwatsun garin da madatsar ruwansa, ta uku zuwa Daura, ta huɗu hutu, a ziyarci rijiyar Kusugu da ƙofar fadar Sarki, ta biyar komawa Kazaure, ta shida kuma, da iska a baya, a shigo Kano. Wanda ya fi son gabas zai iya bin Wudil zuwa Dutse, mai nisan kimanin kilomita 100 daga Kano, ko ya zarce Birnin Kudu ya ga tsofaffin zane-zanen da ke jikin duwatsunta.

Ka rubuta kowane zango a takarda, da garin da za ka kwana, da wani gari na kusa da za ka tsaya idan ƙarfi ya ƙare kafin ka kai. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida domin ta buɗe ko babu intanet. Ka kuma lura da ranakun kasuwa: Dambatta tana ci ranar Lahadi, Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis. Kasuwar abin kallo ce ga mai hutu, amma hanyar da ke kaiwa gare ta a ranar cike take da manyan motocin shanu da hatsi, saboda haka ya fi kyau ka kwana a garin tun jajibere, ka ci kasuwar a ƙafa.

Taswira ba ta san halin tsaro ba. Kafin ka yanke shawara, ka je tashar motar da ke lodin garin da ka nufa, ka zauna da direbobi da 'yan kamasho, ka tambaye su inda suke gudun bi da yamma da inda aka sami matsala kwanan nan. Matambayi ba ya ɓata, kuma labarinsu ya fi na rediyo saurin zuwa. Ka maimaita tambayar kwana biyu kafin tashi.

Gargaɗi: hanyoyin da suka ratsa dajin Falgore, da na Birnin Gwari, da na Zamfara da yammacin Katsina, ba na mai keke ba ne a halin da ake ciki, komai kyawun wurin. Tsallaka iyaka zuwa Damagaram kuma ka bar shi sai ka yi tafiya biyu ko uku a cikin gida, domin yana buƙatar fasfo, katin rigakafin shawara da kuɗin sefa, kuma dokokin iyakar sun sha canzawa tun daga 2023.

Mataki na 4: Keken kansa

A nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Ba sai ka sayi keken tsere mai siririyar taya ba, hasali ma shi ne mafi rashin dacewa, domin ba ya ɗaukar kaya, kuma da ka sauka daga kwalta zuwa yashin gefen hanya zai kayar da kai. Abin da kake nema shi ne keke mai ƙwarin jiki, mai giya, mai faɗin taya daidai gwargwado, wanda yake da ramukan da za a ɗaura masa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a baya. Gwanjon keke mai jikin ƙarfe, idan bai taɓa karyewa an yi masa walda ba, ya fi sabon keke mai ƙyalli wanda aka yi don yara su zaga unguwa. Tsohon Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu ma zai kai ka Daura, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma ranar da iska ta tsaya a gabanka za ka san amfanin giya.

Abubuwa biyu ne za ka duba waɗanda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Na farko girman taya. Mai inci 26 da mai inci 28 ta tsofaffin kekuna su ne ake samun tayarsu da tif ɗinsu, wato robar ciki da ake hura wa iska, a kusan kowane gari mai kasuwa. Masu inci 27.5 da 29 kuwa, idan taya ta yage maka a ƙauye, sai dai a aiko maka daga Kano. Na biyu bawul. Ka tabbata mai kauri ne irin na babur, domin da shi injin kowane mai faci yake aiki. Siririn bawul na kekunan Turai ya taɓa zaunar da ni a bakin wani ƙauye bayan Dambatta, a tafiyata ta gwaji. Famfona ya lalace, na tura keken har rumfar mai faci, ya juya bawul ɗin ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan kuma daga wace ƙasa ka samo shi? Bakin injina ba ya kama shi." Sai da muka naɗa masa roba muka yi ta dabara kusan awa guda kafin iska ta shiga rabin taya. Da na dawo gida na sa aka faɗaɗa ramin bawul ɗin aka sa mai kauri.

Daga nan sai daidaita sirdi. Ka zauna a kai, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, tsayin ya yi. Yawancinmu mun saba da sirdi a ƙasa domin ƙafa ta taɓa ƙasa a cunkoson cikin gari, amma a doguwar tafiya wannan shi ne yake kawo ciwon gwiwa. Mako biyu kafin tashi ka kai keken wurin ƙwararren mai gyara, ka tsaya a kansa ya buɗe boris na ƙafafu da na feda ya sa giris, ya canza robar birki da wayoyinsa, ya ɗaure wayoyin ƙafa ya miƙar da ita, ya kuma duba ko sarƙa ta saki.

Gargaɗi: kada ka sa sabon sirdi ko sabon takalmi a makon tafiya, kuma kada a yi gyaran ƙarshe a jajiberen tashi. Duk abin da aka taɓa a jikin keke yana buƙatar a hau shi kwana biyu ko uku a ga ko ya zauna.

Mataki na 5: Atisaye

Mako shida zuwa takwas sun isa. Ka fara da kilomita 10 zuwa 15 bayan sallar asuba, sau uku a mako, kafin masu adaidaita sahu su cika titi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka iya zuwa Kura ko Gezawa ka dawo a ƙarshen mako. Ba ƙafa kaɗai ake horarwa ba. Mazaunai, wuya da tafin hannu su ne suka fi saurin yin ƙorafi, kuma babu abin da yake saba musu sai daɗewa a kan sirdi. A makonni biyun ƙarshe ka riƙa fita da kayanka a ɗaure, sannan ka yi gwaji na kwana ɗaya, misali ka je Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40, ka kwana ka dawo washegari. Wannan gwajin zai nuna maka abin da ka manta da abin da ka ɗauka a banza fiye da duk abin da zan rubuta.

Gargaɗi: mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, asma ko sikila ya fara ganin likita kafin ya fara atisayen, ba kafin ranar tafiya ba.

Mataki na 6: Kayan gyara, da koyon amfani da su

Abin da ba a tafiya sai da shi: tif guda biyu sababbi, kwalin faci da sholisho da guntun samfefa, 'yan ƙarafa biyu ko uku na ɓalle taya, famfon hannu, sifana da ta dace da notin ƙafafunka, filaya, sukudireba, makullan alanki, wayar birki guda ta ajiya, ɗan kwalbar man sarƙa, tsumma, da robar tsohon tif da aka yanka doguwa don ɗaure kaya. Wajen sayen tif da famfo kada ka bi araha, domin araha ba ta ado.

Kayan ba su da amfani a hannun wanda bai iya ba. Ka biya mai facin unguwarku ya koya maka, ka yi da hannunka sau uku a gabansa, musamman cire ƙafar baya, wadda sarƙa da giya suke rikita mutane a kanta. Jerin aikin shi ne: ka cire ƙafar, ka ɓalle gefe ɗaya na tayar, ka zaro tif, ka hura shi ka gano inda yake fitar da iska ta hanyar kusanto shi da leɓenka ko tsoma shi a ruwa, ka goge wurin da samfefa, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya bushe har ya daina ƙyalli, sannan ka manna facin ka danne. A hanya kuwa ya fi sauri ka sa sabon tif, ka bar facin tsohon sai ka sauka a masauki.

Gargaɗi: kafin ka mayar da tif, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali har ka gano abin da ya huda ta. Ƙayar tsidau da ta aduwa kan karye ta zauna a ciki, kuma idan ba ka cire ta ba, sabon tif ɗin ma ba zai yi kilomita ɗaya ba. Kada kuma ka zuba wa sarƙa baƙin mai. A ƙurar hunturu yakan zama kamar yashi ya cinye ta. Ka goge ta da tsumma kowace yamma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake goge abin da ya yi yawa.

Mataki na 7: Guzuri da yadda ake ɗaure shi

Kada kayanka su wuce kilo 12 zuwa 15, ban da ruwa, kuma kada ka goya komai a baya, domin jakar goyo takan sa gumi, ciwon kafaɗa da ƙarin nauyi a kan mazaunai. Nauyi a kan keke ake ɗora shi. Mafi dacewa shi ne jaka biyu masu rataya a gefen kariya, irin mangalar jaki, kuma duk mai ɗinkin jaka zai iya yi maka su da tamfol idan ka kai masa keken ya auna. Ka sa abu mai nauyi a ƙasa, ka daidaita ɓangarorin biyu, ka kuma tabbata diddigenka ba ya bugun jakar idan kana tuƙi.

Tufafin tuƙi kala biyu sun isa, kana sanye da ɗaya ɗayan yana shanya, sai kaftani mara nauyi da hula don shiga gari da masallaci. Ka nemi gajeren wando mai soso na masu keke ka sa a ƙarƙashin dogon wando, ko aƙalla wanda ba shi da ɗinki mai kauri a tsakiya. Rigar sanyi dole ce, domin asubar Disamba da Janairu a buɗaɗɗen fili tana ratsa ƙashi. A Kasuwar Ƙofar Wambai za ka samu ta gwanjo. Sai hular kwano, riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, fitilar gaba da jar fitilar baya, madubi, tabarau, takunkumi saboda ƙura, safar hannu, man kaɗanya don leɓe da kuma inda wando yake goga, gidan sauro, 'yar sallaya, ƙaramar buta, sarƙa da kwaɗo, caja da batirin ajiye caji. A ƙaramar jaka kuma ka sa filasta, bandeji, maganin ciwon jiki, ƙullin gishiri da sukari na kemis, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai.

Mataki na 8: Lissafin kuɗi

Ka raba kuɗin gida biyu. Na farko na shiri, wanda sau ɗaya ake kashe shi: keke ko gyaransa, kariya da jakunkuna, kayan faci, hular kwano da fitilu. Wannan ka zaga Kasuwar Sabon Gari ka tambayi farashi a shago uku kafin ka saya. Na biyu na hanya, kuma ga yadda ake fitar da shi: ka ɗauki abin da kake kashewa a abincin waje na yini ɗaya a Kano ka ƙara rabinsa, domin mai tuƙa keke yana cin abin da zai ba shi mamaki, ka haɗa da kuɗin ruwa, da kuɗin ɗaki na dare ɗaya, wanda za ka iya sani ta hanyar kiran wani ɗan garin, ka ninka da yawan kwanaki. A kan jimillar ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na ko-ta-kwana, sannan ka ware kuɗin motar da za ta dawo da kai da kekenka daga gari mafi nisa, ka ɓoye shi daban, kada ka taɓa shi. A tafiyata masauki ne ya ci kusan rabin kuɗin hanya, saboda haka wanda yake da 'yan uwa ko abokai a garuruwan zai rage abu mai yawa, ko da yake ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Kuɗin cefanen gida na kwanakin da ba ka nan shi ma cikin lissafin yake.

Gargaɗi: ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, 'yan 100, 200 da 500, a wuri biyu ko uku. Masu POS suna nan a manyan garuruwa, amma mai shayin ƙauye ba shi da canjin dubu da sassafe, kuma sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Mataki na 9: Shaida, sallama da masauki

Ka ɗauki katin ɗan ƙasa ko wata shaida mai hoto, da katin wurin aiki idan akwai, da rasiɗin keken. Idan mai unguwarku zai rubuta maka 'yar takarda mai hatimi da ke bayyana ko kai wane ne da inda ka nufa, ka karɓa, domin a wannan zamani baƙon da ya shigo gari da jakunkuna yana ɗaukar hoto dole a sa masa ido. Ka sanar da iyaye ka nemi albarkarsu, ka bar wa mutum ɗaya a gida kwafin takardar zangonka, ku yi alkawarin za ka kira shi kowace rana idan ka sauka. Ka ajiye lambar gaggawa ta 112 da ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya, muddin an yarda tun daga gida cewa da saurin mafi rauni za a tafi.

Garuruwan da suke hedikwatar ƙaramar hukuma galibi ba sa rasa masaukin baƙi. Ka nemi a bar ka ka shigar da keken cikin ɗaki. Idan dare ya kusa riskarka a ƙauye, kada ka shimfiɗa a masallaci ko makaranta da ra'ayin kanka. Ka tambayi gidan mai gari, ka sauka daga keken tun daga nesa, ka cire tabarau da takunkumi, ka yi sallama ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, matafiyi ne ni daga Kano zan je Daura, dare ya yi mini, ina neman inda zan kwana." Ka nuna shaidarka tun ba a tambaya ba. Haka ma a shingen jami'an tsaro.

Mataki na 10: Yadda yini yake tafiya

Ka ɗaure kaya tun da dare. Bayan sallar asuba ka karya da koko da ƙosai ko shayi da burodi, ka matsa tayoyi ka ji iskarsu, ka gwada birki, ka fita da zarar gari ya waye. Fita daga Kano da wuri tana da muhimmanci na musamman, domin tsakanin Kurna da Dawanau idan rana ta ɗaga sai ka yi ta kutsawa tsakanin tireloli da adaidaita sahu. Ka yi kashi biyu cikin uku na zangonka kafin ƙarfe 11, kana tsayawa minti goma bayan kowace awa. Daga nan ka sami inuwa ka ci abinci, ka yi azahar, ka huta, sannan ka ƙarasa abin da ya rage, ka shiga garin kwana kafin la'asar ta yi sanyi. Sannu-sannu kwana nesa. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta matuƙar mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ba. Ka zauna da malaminka ya warware maka hukuncin kafin ka tashi.

Ruwa shi ne abin da hunturu yake yaudarar mutum a kansa, domin gumi yana bushewa kafin a gan shi. Ka riƙa kurɓa kowane minti goma sha biyar ko da ba ka jin ƙishi, aƙalla rabin lita a awa, kuma kada ka bar gari da ƙasa da lita biyu. Idan fitsari ya yi ja, ko kai ya fara sarawa, ko jijiyar ƙafa ta fara ɗaurewa, ka tsaya a inuwa ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka sa dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko ayaba inda hannunka zai kai, ka riƙa ci kafin yunwa ta kama ka. Fura da nono abincin matafiyi ne na asali, amma ka sa a dama maka da ruwan da ka zo da shi.

Gargaɗi: ka riƙe hannun dama, ka tafi tare da motoci, kada ka bi hannun da suke tahowa ko da a tagwayen hanya ne. Idan ka hango tirela a madubi a inda hanya ta matse, ka sauka gefe ka tsaya, domin iskarta takan ja keke zuwa jikinta. Kada ka kama bayan mota don ta ja ka, kada ka toshe kunne da abin sauraro, kuma kada ka yi tuƙi bayan magariba ko da saura kilomita biyar.

Mataki na 11: Idan tafiya ta ƙi

Akwai alamomin da ba a jayayya da su: zazzaɓi, gudawa, ciwon gwiwa mai tsira wanda yake ƙaruwa da kowane juyin feda, ƙurji a mazaunai, tsagewar jikin keke, ko labarin rashin tsaro a gaba. Idan ɗaya ya faru, ka tura keken zuwa tasha mafi kusa ka fito da kuɗin nan da ka ɓoye. Ka yi ciniki da direba kan kuɗin keken tun kafin a ɗora shi, ka cire jakunkuna da fitilu ka riƙe a hannu, ka kwance ƙafar gaba idan a but za a sa shi. Ka tsaya ka ga an kwantar da shi ɓangaren sarƙa yana sama, ka sa kwali ko tsumma a kan giyar baya, kuma kada ka bari a ɗora masa buhu, domin a nan ne giya take lanƙwashewa, kuma gyaranta sai an dawo Kano.